Guguwar Shagari

Fitila ta koma koriya, Zayyanu ya danna totur, kafin ya sa giya ta uku farar motar nan ta riga ta tsallake layi. Ya buga wayar a kan benci har sai da mai shayi ya ɗago kai.

Wasan tseren mota ne na waya. Miƙaƙƙen titi, mota biyu, ba kwana ba birki. Duk aikin yana wurin gyara: tsawon giya, iskar taya, nauyin da za ka sauke, da lokacin sakin kuloci. A Boɗinga kaf babu wanda ya kai Zayyanu iya wannan, shi ya sa samari suke ce masa Sarkin Gudu. Yanzu kuwa da ya shigo majalisa sai wani ya yi kukan injin da ya shaƙe, a fashe da dariya.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san mai farar motar. Guguwar Shagari sunan da Maniru ke wasa da shi ne, amininsa, wanda shi ya koya wa wasan daga farko. A kan Manirun nan ya sha kunya a kasuwar Shagari, ranar da mahaifin Maniru, Baba Ummaru, tsohon direban babbar mota mai kai albasa Kudu, ya tsare shi gaban jama'a ya ce shi ke lalata masa ɗa da wasan banza. Zayyanu ya haɗiye, don babba babba ne.

To ga sakayyar. Tun daga ranar Maniru bai ƙara ɗaukar kiransa ba, saƙo ma ko a kula. Sai dai gayyatar tsere, bayan Asuba ɗaya, bayan La'asar ɗaya, a lallasa shi a tafi ba ko sannu. Wai Maniru, da a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallah, shi ne mai sammakon cin mutunci.

Zayyanu ya gajarta giyar farko, taya ta yi ta juyawa a banza. Ya tsawaita ta, motar ta tashi kamar jakin da aka yi wa lodi. Ya rage iska, ya ƙara, ya cire kujeru, ya canja injin. Farar motar ba ta ko rawa wurin tashi, kuma mai ita yana canja giya kamar da kunne yake jin injin. Wannan ba hannun Maniru ba ne, in ji Zayyanu, sai dai in maguɗi yake yi.

Ranar da wani yaro ƙarami ya ce masa tsohon sarki, ya ga abin ya isa. Ya hau babur ya nufi Shagari, yana tafe yana tsara baƙaƙen maganganun da za su kashe abotar har abada.

Ya tarar da Maniru a ƙofar gida, ya dawo daga fadama, fartanya a kafaɗa, laka har gwiwa. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

“Butulu! Ni na koya maka, ni kaka wulaƙantawa? Ina kira ba ka ɗauka, sai dai ka maishe ni abin dariya ga yaran Boɗinga!”

“Mi kaka hwaɗi haka, Zayyanu?” in ji Maniru. “Wace dariya?”

Kafin ya amsa, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Guguwar Shagari tana gayyatarsa tsere. Ya dubi wayar, ya dubi hannuwan Maniru da ke riƙe da ƙotar fartanya. Don haushi ya karɓa, nan tsaye. Fitila ta koma koriya, sai ya ji kukan injin kashi biyu, ɗaya a hannunsa, ɗaya daga cikin zaure.

Maniru ya sauke fartanya a hankali. “Ai tun ranag ga ta kasuwa anka amshe min wayar.”

Suka leƙa tare. A kan buzu, tabarau a karan hanci, tazbaha a ajiye gefe, Baba Ummaru, wayar Maniru a hannunsa, ya sa giya ta huɗu, ko kai bai ɗago ba ya ce, “Maniru, in ka ga ɗan Boɗingan nan, ka ce mishi giyatai ta biyu ta cika tsawo.”