Gida a Inuwar Dutse

Wata mata ce ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. A tashar mota ne, tsakiyar bazara, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Yana zaune a gindin wata 'yar bishiya da inuwarta ba ta wuce faɗin tabarma ba. Da ya ga ta rasa wurin fakewa, sai ya tashi ya koma cikin rana, ya bar mata inuwar. Tun daga ranar, so da inuwa suka zama abu ɗaya a zuciyarta.

Bayan aure, aiki ya kai su wata ƙasa mai sanyi. Suka daɗe a can har furfura ta fito masa, ciwon ƙirji kuma ya kama shi. Likita ya ce iskar duwatsu za ta taimake shi. Sai ta shiga neman ɗan gidan hutu a wani ƙauye na kan dutse, inda mutane ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Gidajen ɓangaren da rana ke duka sun fi ƙarfinta. A ƙetaren kwari kuwa dillali ya nuna mata wani na katako, lafiyayye, mai araha, bai kuma ɓoye mata cewa dutse yana yi masa inuwa ba. Ta yi murmushi, tana mamakin mutanen da ke karya kuɗin gida don yana da inuwa. Ta saya, ba ta ƙara tambayar kowa ba, tana ganin yau ta rama alherin tasha.

Da sanyi ya shigo suka tare. Ashe a can rana a bayan dutsen take fitowa, a bayansa take faɗuwa, sai ta yi watanni ba ta taɓa rufin gidan ba. Ƙanƙarar bakin ƙofa ta ƙi narkewa, bango yana tsattsafo, tarinsa kullum ƙaruwa yake yi. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Wata rana da hantsi ta same shi a bakin taga, lulluɓe da bargo, yana kallon ƙetare, inda tsofaffin ƙauyen ke jere a kan benci rana tana zuba a fuskokinsu. Da ya ji motsinta sai ya kau da kai, ya ce gida ya yi kyau, Allah ya saka mata da alheri. Godiyar nan ta fi zagi yi mata ciwo. Ta ɗauko takalmansa ta durƙusa a gabansa.

"Malam, ka taɓa bar mini inuwa lokacin da ita nake bukata. Daga yau, kullum zan ƙetara da kai ka sha hantsi a wancan benci, har Allah ya kawo mai sayen gidan nan."

Shi ya sa Hausawa suka ce: idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.