Shaidar da Ta Hana Nababa Taki

Shekarar da hukuma ta fara auna mutane da maki, Nababa ya tashi da saba'in da huɗu. Kafin ruwan shuka ya sauka, makin ya faɗo talatin. Wanda bai kai hamsin ba kuwa, ba shi ba takin hukuma. A ƙauyukan Bici, inda gona ke manne da gona kuma ƙasa ta gaji tiƙis, rashin taki yunwa ce tsagwaronta. Baki tara yake ciyarwa, har da tsohuwarsa Kaltume, wadda har ya yi furfura "wancan" take ce masa.

Ya hau keke ya nufi ofis. Ma'aikacin ya ce an zaga ƙauyensu da na'ura gida-gida ana ɗaukar shaida, kuma shaida ɗaya ce ta kayar da shi, domin na'urar ta ba ta nauyi fiye da saura. Sunan mai ita sirri ne, doka ce. Iyakar abin da zai iya yi masa shi ne ya karanta masa abin da aka rubuta.

An tambaya ko an san Nababa, aka yi shiru. An tambaya ko mutumin kirki ne, aka ce ba a da ta cewa a kansa.

Tun kafin ya kai gida zuciyarsa ta gama shari'a. Wa zai yi masa haka in ba Ɗanliti ba, maƙwabcinsa na gona, wanda shekara biyu ba sa ga-maciji saboda ɗorawa ɗaya da ke kan iyaka? Washegari ya koma ofis. Shi ma ai an ce za a ɓoye sunansa. Ya rantse cewa Ɗanliti ya karkatar da takin bara kasuwa, alhali ya san ƙarya yake yi. Aka ƙara masa maki biyar ladan kishin ƙasa, biyar ɗin da ba su kai shi ko'ina ba.

Ranar Alhamis aka zo da mota aka ɗauke Ɗanliti daga bakin kunyar gonarsa, da fartanya a hannu, iyalinsa na kallo. Nababa ya tsaya cikin geronsa da ya fara yin rawaya yana jiran ya ji sanyi a ransa. Bai ji ba.

Da la'asar ya zauna a zaure, ya kasa shiga ciki. Daga nan yana jiyo tsohuwar tana tsintar wake, tana yi wa matarsa Huseina mita.

"Ni dai yaran zamani sun ishe ni, Huseina. Masu na'urar nan da suka zo kwanaki, wai in kama sunan wancan, ɗan fari guda, in zauna ina yabonsa a gaban baƙi. Ina kunyata take? Na ja bakina na tsuke, na ce ba ni da ta cewa a kansa, su ƙara gaba."