Ƙwayar Ranar Gayya

Yauwa, tunda ka ce ƙwayar nan ƙarfi take ƙara wa mutum, matso ka ji! Wani manomi ne, damina ta kankama, geronsa ya fito gwanin sha'awa, noman fari kawai yake jira don ciyawa ta fara leƙowa. Ana haka aka kira gayya a gonar surukinsa, shi kuwa ya ci alwashin ba wanda zai riga shi kai bakin gona. Ya biya wurin mai tallar magani, aka miƙo masa wata 'yar ƙwaya, ya kora da shayi. Kai, zo ka ga aiki! Fartanya sai walƙiya take, ƙasa na tashi, makaɗi ya watsar da kowa ya bi bayansa da ganga, mata na ta rangaɗa guɗa. Ido ya buɗe tar, zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe ƙamas, amma gogan naka ko a jikinsa. Rana ta take aka sauke fura, kowa ya nemi inuwa, shi ya ce ba ya jin yunwa balle ƙishirwa. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ƙota ta jiƙe da jini, wallahi bai ma sani ba. Ranar sunansa ya zaga gari, har suruki ya dafa masa kafaɗa a gaban jama'a.

To, abin da bai gane ba, ƙwayar ba ta zuba masa komai a jiki ba. Gajiya da ƙishirwa su ne masu gaya wa mutum ya tsaya, ita kuwa bakinsu kawai ta toshe. Barci ya ƙaurace masa. Gari na wayewa ya ji jiki kamar an yi masa dukan sakwara, sai ya ƙara shan ƙwaya biyu, ya saɓa fartanya ya nufi tasa gonar. Ina! Ko rabin hanya bai kai ba jiri ya kwashe shi, sai ɗauko shi aka yi, ƙirji na bugu. Yana kwance ruwa na ta sauka, ciyawa kuwa ba ta san mai gona ba shi da lafiya ba. Ranar da ya iya dogara sanda ya je, ya tarar ta kai masa gwiwa, geron ya yi ja a ƙarƙashinta ya shaƙe. Ya tsaya ya riƙe baki, abin tausayi! Da kaka ta yi kowa na ɗaure dami, shi rumbunsa wayam, sai matarsa ce ke ɗaukar ƙwarya ta je gidan ubanta a ɗebo musu tsaba. Ka ga dalilin da ya sa Hausawa suka ce kayan aro ba ya rufe katara.