Wasan da Auta Bai Gani Ba

Minti bakwai da take wasan ƙwallon, cikin Auta ya murɗa.

Ya san mai laifin: soyayyen kifin da ya saya a ƙofar filin, da wata jar miya da bai tsaya tambayar sunanta ba. Yayarsa ta sha faɗa masa cewa shi ba ya iya ganin hayaƙi ya wuce. Mako uku ke nan yana yawo da jaka a baya, daga wannan ƙasa zuwa waccan, yana kwana a ɗakunan matafiya masu gado kan gado, kuma saboda wasan nan kaɗai ya ratso ta birnin.

A banɗaki ya ƙarasa shi. Ta bango ya riƙa jin ihun mutane yana tashi yana sauka. Can wajen ƙarshe filin ya ɗauki wata irin kururuwa, har ƙofar da ya dafe ta girgiza. Da ya fito jama'a na tururuwar fita suna zage-zage da yarensu, wanda shi bai iya komai a ciki ba sai gaisuwa. Wani dattijo ya kwatanta masa da hannu: fenareti, a minti na ƙarshe, an ci masu gida. Ya hura usur ɗin ƙarya, sannan ya tofar da yawu.

Bayan magariba cikin ya lafa, yunwa ta dawo da ƙarfinta. Babban titi ya cika da kiɗa da fitilu da masu riguna iri ɗaya suna huce haushi. Auta ya faɗa wani ɗan gidan abinci a lungu, ya nemi farar shinkafa, ya shiga yi wa yayarsa saƙon murya.

"Yaya, yau na ga zalunci da idona. Alƙalin wasan nan sayen sa aka yi."

"Sannu da hanya, ɗan'uwa."

Ya waiga. Da yaren su Auta aka yi maganar, a ƙasar da mako guda bai ji shi a bakin kowa ba. Wata budurwa ce a teburin kusurwa, ta ba wa ƙofa baya, ta ja hular rigar sanyinta har goshi. Ta ce ita ma baƙuwa ce, aiki ya kawo ta, abincin otal ɗinsu kuma ba gishiri ba yaji, shi ya sa ta sulalo. Murmushinta na gefe ɗaya ne. Auta ya ɗauki farantinsa ya koma teburinta, ya kuma yanke wa kansa hukunci: motarsa da safe za ta tashi, ba zai bar garin nan ba sai da lambarta.

Abin burgewa ɗaya yake da shi, sanin ƙwallo. Sai ya baje shi.

"Ka ce ka ga wasan?" ta tambaya.

"Tun daga farko har ƙarshe. Ko ƙiftawa ban yi ba."

"To, ba fenareti ba ne?"

"Haba, 'yar'uwa. Ko taɓa shi ba a yi ba, iska ce ta kayar da shi."

"Shi alƙalin, yaya yake?"

Auta bai yi ko ɗar ba. "Wani ƙato ne mai tumbi da sanƙo. Gudu ma gagararsa yake. Yana tsakiyar fili yana haki ya hura."

Ta ƙware da ruwa, sai da ya miƙa mata hankici. Ya ji daɗi ƙwarai. Bai taɓa sa mace dariya haka ba. Ya ƙara wa mutumin gwame da ƙaton hanci, ya ce ya kamata a haɗa masa kuɗin tabarau.

Suka fito yawo. Ya nuna mata wani babban wuri mai makaɗa da allon talabijin kamar bango, ta girgiza kai, ta ja shi ta bayan kasuwa zuwa bakin ruwa, inda wasu tsofaffi ke rawa bibbiyu a ƙarƙashin fitilu ƙanana. Ta saya masa shayi, ta hana shi gasasshen naman da idonsa ya maƙale a kai. In labari ya yi daɗi sai ta sha gabansa ta riƙa tafiya da baya da baya tana kallonsa, da sauri, ba ta ko yin tuntuɓe. Shi kuwa ga jaka, har ya fara haki. Agogo biyu ne a hannunta. Ya ɗauka ɗaya na lokacin gida ne, abin ya ba shi tausayi.

A ƙofar otal ɗinta ta tsaya. 'Yan sanda biyu na zaune a bakin ƙofar. Auta ya laluba wayarsa, ya tarar ta mutu. Duk surutun nan sai ya ƙafe masa.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "in na tafi haka, ban san inda zan sake ganinki ba."

Ta daɗe tana dubansa. "Tambaya ɗaya. A ina ka zauna a filin?"

Ya dubi takalmansa.

"A banɗaki," ya ce. "Kifi na ci."

Wannan karon dariyar har da dafa bango. Da ta nutsu sai ta zuge aljihun rigarta, ta ciro biro da wani ɗan kati, ta rubuta lamba a bayansa. Ba ta miƙa masa ba. Ta ja da baya taku ɗaya, ta miƙe ƙyam, ta ɗaga katin sama a gaban fuskarsa. Rawaya ne.

"Wannan na tumbi da sanƙon ne," ta ce. "Amma fenareti ne, ɗan'uwa. Taku biyar ne tsakanina da su lokacin da na hura."