Ranar da Aka Lulluɓe Ni a Karare

Har yau hancina bai manta farin alawayyon nan ba: ƙanshin bula, da ɗan warin fetur na motar da ta kawo shi.

'Yan sa-kai ne daga Katsina, suna bin ƙauyuka suna yi wa yara wasan kwaikwayo kyauta. A filin sabuwar makarantarmu ta Karare wasan na ƙyanda ne, ni ce yarinyar da aka ƙi kaiwa rigakafi ta mutu.

"Ko ƙuda ya sauka miki, kada ki motsa," in ji shugabansu, ya lulluɓe ni da alawayyon.

Ban san Inna na cikin matan da ke leƙe ta bayan danga ba. Bara waccan ƙyanda ta ɗauke mata ƙanena.

Ina kwance, ƙyallen yana manne mini a baki, sai kukan masu wasa ya yanke. Na ji taku, da ƙarar awarwaron da na sani.

"Baiwar Allah, wasa ne fa," in ji shugaban.

Inna ta ce, "Malam, da likkafani ake wasa a garinku?"

Na runtse ido. In na tashi, na ɓata wasa a gaban gari. In na yi lamo, na bar ta tsaye kan gawa ta biyu.

"Hadizatu!"

Ni 'yar fari ce. Alkunya ba ta taɓa barin Inna ta furta sunana ba, ko a ɗaka. Ran nan ta ƙwala shi a gaban maigari.

Na yaye ƙyallen na ce, "Na'am, Inna."