Sa'ar da Aka Haifi Hikima

Tun kafin ta shiga siton, Hikima ta kunna wayarta a kan ɗaukar murya, ta cusa ta cikin hannun abaya. Duba laifi ne babba a Jidda. Baƙon haure ko mai takardar iƙama, in aka kama mutum, ƙaramin abin da zai same shi shi ne jirgin mayar da shi ƙasarsu.

Wani mai suna Babu Girish take nema, Ba'indiyen da ke kula da kaya a wani sito a Khumra, a ɓoye kuma yana duba taurari. Shi ya rusa mata aure. Ana gab da ɗaurawa da Abdulghani, har ya kama musu gida a Dammam, can ɗaya ƙarshen ƙasar, sai uwarsa Mastura ta kai maganar gaban mutumin nan. Ya zana 'yan akwatunansa, ya ce jan tauraron da Larabawa ke kira Mirrikh ya tare mata a ɗakin aure, mijinta ba zai yi tsawon rai ba. Mastura ɗa guda gare ta. Ta fasa, ko kunya ba ta ji ba.

Hikima ba mai yafiya ba ce, kuma ba ta taɓa yin da'awar haka ba. Ummanta, wadda ciwon ƙafa ya zaunar a ɗakinsu na Waziriyya, kullum maganarta ɗaya ce: "Halas ya binti, ya wuce 'yata, bar shi da Allah. Ga ki ga ni, me muka rasa?" Ita kuwa ta rantse sai ta kama shi da ƙarya a cikin sana'arsa, sannan ta miƙa shi ga hukuma.

Sai ta shiga karatun taurarin Indiyawa, tana yi tana istigfari. Malamai biyu ta riƙe. Dinanat Bargi tsoho ne mai littafi kamar bulo, in ya hango jan tauraro hukunci yake yankewa, ba sassauci. Sulocana Mena kuwa, mai darasi ta waya, kowace musiba sai ta nemo mata ƙofar fita. Ɗalibansu zagin juna suke kamar 'yan kallon ƙwallo. Hikima ta auna su gaba da baya, ta ga wuri ɗaya tak suka haɗu: ranar haihuwa kaɗai ba ta isa, sai an san sa'a.

Tata sa'ar ta san ta kamar sunanta. A gida aka haife ta a Kurayyat, ba asibiti ba takarda, ungozomar ma ta daɗe a ƙasa. Amma tun tana yarinya Umma ke ba ta labari cewa ladan na kiran asuba, ita tana faɗowa. Ta lissafa da hanyar tsohon, ta sake da ta matar. Ko ta ina, jan tauraro yana can nesa da ɗakin aurenta. Ran nan ta yi kuka har da shessheƙa, kukan baƙin ciki da na murna a haɗe.

Ta tarar da shi tsakanin kwalaye, ta faɗa masa ko ita wace ce.

"Da wane malami ka duba ni? Bargi ko Mena? Duka biyun sun ƙaryata ka. Da asuba aka haife ni!"

Ya yi lissafi da yatsu. "In asuba ce, taurarinki lafiya lau. Amma ni bayan la'asar aka ce mini."

"Mastura ce ta ƙirƙira, kai kuma ka hau!"

"Mastura ta san sa'arki a ina?" Ya dube ta da tausayi, abin da ya ƙara ƙona mata rai. "Mahaifiyarki ce ta riga ta zuwa, ita kaɗai, tana jan ƙafa, ta tambaye ni sa'ar da ta fi muni a ranar. Da suka dawo tare da Mastura, ita ta rantse a wannan sa'ar ta haife ki."