Gida Hamsin na Laka

Tsohon magini ya mayar wa injiniya takardar aiki, bai dangwala hannu ba.

Gida hamsin wata ƙungiya ke so a gina wa waɗanda kogi ya ci gidajensu a Harobanda. Injiniyan ya yi bayani: yin siminti na fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, laka kuwa ba hayaƙi, ga araha. Laka ce masu ba da kuɗin suke so.

Shekara biyu ke nan ba wanda ya ba tsohon maginin aiki. Har jakinsa ya sayar.

"Baba, kuɗin nan zai riƙe gidanka shekara uku."

"Ɗana, shekara arba'in ginina bai tsage ba. Ruwan bara ya kwantar mini da ɗaki tara a yini ɗaya, ɗaya da mutane a ciki. Damina ta canza, laka ba ta canza ba."

Injiniyan ya nuna bayan gidan tsohon, inda aka shanya sabon tubali layi-layi.

"To ai ga shi ba ka daina ba. Waɗannan fa?"

"Na maƙabarta ne. Da su ake rufe kabari, kuma ba na karɓar ko dala."

"Sai a ƙara maka kuɗi, Baba."

Tsohon ya naɗe ƙafar wando, ya shiga cikin kwaɓin laka.

"Mai rai ba zai sake kwana ƙarƙashin lakata ba. Ba zan gina ba."